Cikin da suka ce ya kwanta

Ba na kiran sunan 'yata ta fari, kuma a nan ma ba zan kira ba. Haka na taras a gidanmu na Zongo. Ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da cinsa ko shansa. Ana yaye ta uwata ta ɗauke ta, a ɗakin tsohuwa ta girma. In muka haɗu a zaure in ce "ke", ta ce "na'am, Baba", ta raɓe ta wuce. Shekara ashirin da wani abu, iyakar hirarmu ke nan. Uwarta ma ta fi ni, don ita ko kallon yarinyar ba ta yi in da baƙi a tsakar gida.

Aikina gyaran jikin mota, a wani garaji a unguwar Gounghin. In mota ta lotse in buga ta ta miƙe, in tsatsa ta ci ta in kankare, in shafa magani, in yi fenti. Kakannina fataken goro ne, har yau tsofaffin unguwa sukan tuna mini da haka, sai ka ce ni na kashe cinikin. Ina aji biyu a kolej aka cire ni, wai in taya mahaifina zama a rumfa, rumfar da ƙudaje suka fi masu saye yawa. Yaran da na fi ƙoƙari a aji su ne yanzu ke kawo mini motocinsu suna ce mini "patron", wai maigida, da gefen baki. Abin da ya rage mini na lekol, wato makarantar boko, shi ne Faransancin da nake bi da yatsa, layi-layi, leɓe yana motsi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka likita ne ke rubutu.

Ita ta zaɓi mijinta, ban hana ba. Direban babbar mota ne, ɗan Nijar, mai ladabi, wanda ya fi tsoron uwarsa a kan tsoron hanya. Suka zauna a unguwar Dapoya tare da uwar tasa, wadda kowa ke ce wa Hajiya. Shi kuwa rabin ransa a hanyar Lome yake.

Ba a daɗe ba ta samu ciki. Ba a gaya wa uba irin wannan magana. Na gane ne da yawan zuwan uwarta Dapoya, kullum da ƙullin tsamiya ko ɗanyen mangwaro. Sai na fara jin ana cewa amai ya yi mata yawa, ko ruwa ba ya zama. Cikin kuma yana ta tasowa, wata uku ya yi girman na wata shida. Mata suka yanke hukunci nan take: tagwaye ne. Hajiya ta bi gidajen Dapoya tana sanar da cewa a zuriyarsu tagwaye ba baƙi ba ne. Da jini ya fara ɗiga aka ce nauyin biyu ne, a sha jiƙo, a kwanta. Mijin yana hanya, sai aka dawo da ita gidanmu wai ta huta.

Wata safiya ina ɗaure igiyar takalmi uwarta ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba.

"Malam, yarinyar nan fa..."

"Me ta yi?"

"Jini ne. Kuma akwai wani abu a ciki. Ni dai ban taɓa gani ba."

Na tashi na leƙa, abin da uba ba ya yi. A cikin roba, cikin jinin, ga wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwa-ruwa a haɗe, kamar nonon 'ya'yan faru da ake tallansu in damina ta kusa. Yarinyar tana jingine da bango, leɓenta ya yi fari. Ban tambayi kowa ba. Na fita na tare taksi.

A asibiti aka yi mata ekografi, wato hoton cikin ciki. Likitan Bamoshe ne, ɗan ƙabilar da ta fi yawa a garinmu, dattijo mai furfura, ba ya gaggawar magana. Ya yi bayani da Faransanci, inda ya ga na kakare ya koma Mosanci. Ya ce babu yaro, kuma tun farko ba a yi yaro ba. Abin da ya kamata ya zama mabiyiya shi ne ya haukace, ya yi ta tohuwa har ya cika mahaifa da ƙwayoyin nan. Mol suke ce masa. Ya ce ba laifinta ba ne, ba abin da ta ci ba ne, ba na mijinta ba ne. A ranar aka yi mata wankin ciki, aka ƙara mata jini.

Da za a sallame mu ya zaunar da ni, ya ce wankin shi ne mai sauƙin. Akwai wani abu da ke hawa a jinin mace in tana da ciki, kuma irin wannan naman yana sa shi hawa fiye da ƙima. Dole ta riƙa zuwa duk mako ana ɗibar jini ana aunawa, har sai lambar ta sauka ƙasa ta zauna. In ta sauka, an rabu lafiya. In ta tsaya ko ta koma sama, to, saura ya rage a jiki yana girma, kuma yana iya bin jini ya kai huhu. Kafin nan kuma babu maganar wani ciki.

"Wa zai riƙa kawo ta?" in ji shi.

Na duba. Miji yana hanya. Uwarta ba ta jin Faransanci, kuma kunyar 'yar fari ba za ta bar ta ta zauna a layin masu awo tare da ita ba. Hajiya kuwa tun a bakin ƙofar asibiti ta fara cewa likitocin yanzu gaggawar wanke ciki gare su.

"Ni," na ce.

Haka aka fara ganina duk mako ina fitowa daga gida da 'yata ta fari a bayan moto, wato babur. Dole mu wuce ta gaban majalisar shayi da ke bakin layinmu, inda maza ke zaune tun safe suna gyara duniya da baki. Akwai wani tela a cikinsu, tare muka taso, bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

"Ga dokta nan ya fito! Dokta, yau ma awon ciki za a je?"

"Awon wandon mutane da ka riƙe tun ƙaramar salla za a je."

"Kai jama'a! Mutumin da ba ya iya faɗin sunanta, yau ga shi ya goya ta. Allah ya ji ƙan tsohonka, da yana nan da ya ga zamani."

"Da yana nan da ya tambaye ka rigarsa."

Suka kwashe da dariya, har da buga cinya. Ita kuwa ta ja gyale ta rufe fuska, ta riƙe ƙarfen bayan moto, ba ta yarda ko gefen rigata ta taɓa ba. Haka muke zuwa mu dawo, ba uhm ba uhm-uhm, sai in an zo rami in ce "riƙe".

A labo, inda ake ɗibar jinin, akwai wata ɗaliba 'yar jami'a, siririya, cikin farar riga da ta yi mata yawa. Wata rana bayan an cika kwalbar likita sai ta matso da wata 'yar kwalbar a hannu, ta gaishe ni da "Papa", ta ce tana neman alfarma. Na ce ta faɗa. Ta ce ba wurina take nema ba, wurin mai jinin take nema. Raina ya ɗan sosu, amma na matsa gefe.

Ta ce jikin mutum kullum yana ƙona abinci da iskar da yake shaƙa, kuma ƙunar nan tana barin wani datti mai cin jiki a hankali. Allah ya sa wasu 'yan ma'aikata a cikin jini, anzim take ce musu, aikinsu su kashe dattin kafin ya yi ɓarna. Da ta ga ina ƙifta ido sai ta tambayi sana'ata. Na gaya mata. Ta ce to, kamar tsatsa ce da maganin da nake shafawa kafin fenti, sai dai nasu maganin jiki ne ke haɗa abinsa. Ita tana auna ƙarfin aikinsu a jinin matan da suka yi irin wannan ciki, ta gwada da na masu lafiyayyen ciki, ta ga ko da bambanci.

"Wato raunin ma'aikatan nan ne ya jawo mata ciwon?" na tambaya.

"Ban sani ba, Papa. Mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa kuma ciwon ne ke gajiyar da su, ko ma babu ruwansu. Abin da nake nema ke nan."

"Zai warkar da ita?"

"A'a. Ita babu abin da zai ƙara mata. Sai dai wata a gaba, in Allah ya so. In ta ce a'a ma, babu abin da zai canja a maganinta."

Na tsaya ina kallon ɗalibar nan. Na shekara hamsin ba kaɗan a unguwar da ban taɓa jin babba ko yaro ya ce "ban sani ba". Ka tambayi kowa a Zongo dalilin ciwon kai, zai ba ka dalili, da sunan wanda ya yi maka, da gidan mai magani. Kafin in gama wannan tunani 'yata ta naɗe hannun riga ta miƙa hannu. Ba ta dube ni ba.

Kuskurena ɗaya, na faɗa wa uwarta a gida, uwarta ta faɗa wa maƙwabciya. Kafin mako ya zagayo labari ya isa Dapoya cewa kwalba biyu ake ɗiba. Hajiya ta aiko a tambaye ni: ɗaya ta likita ce, ɗayar fa ta wa? A majalisa aka ƙarasa mata amsar, wai nasara ake sayar wa, kuma ni ma ina da kaso. Na ce wa tela in da jini na kuɗi ne da tuni na kai shi an tatse, don shi ba ya aikin komai da nasa.

Da farko lambar tana sauka. Duk mako in bi takardar da yatsa, in ga ta yau ba ta kai ta wancan mako ba, in ninke in sa aljihu. Sai wani mako ta tsaya. Na gaba ma ta tsaya. Sannan ta hau. Likita ya cire gilashinsa ya goge, ya sa aka yi mata hoton ƙirji da wani ekografin. Ƙirji lafiya lau. Amma a jikin mahaifa akwai saura, yana girma. Ya ce za a fara mata allurai, irin waɗanda ake yi wa masu ciwon daji. Ya ce kada sunan ya firgita mu, wannan ciwo yana jin magani in an kama shi da wuri, kuma mata suna haihuwa bayansa. Abin da ba ya so shi ne jinkiri.

Ban san ta yadda aka yi ba, amma kafin mu gama shawara a gida Hajiya ta iso, da la'asar, tana haki. Ashe tun da safe ta sa wata jikarta ta kawo wa yarinyar ɗan tsinken gwajin fitsari daga farmasi, an gwada a ɓoye ina garaji. Ta kwance bakin gyalenta ta ajiye tsinken a kan tabarma a gabana.

"Malam, kai ne mai karatu. Layi nawa ka gani?"

"Biyu."

"Layi biyu me ke nan?"

"A wurin mai lafiya, ciki."

"To, alhamdu lillahi. Ciki ne ya kwanta. Dama na faɗa, biyu ne. Sun wanke ɗaya da ya lalace, ɗan'uwansa ya tsorata ya kwanta. Yanzu ga shi ya tashi, su da kansu sun ce abin yana hawa. Me ke hawa a cikin mace in ba ɗa ba? Shi ne za ku kai ta a yi mata allurar da za ta kashe shi?"

Duk wanda ya girma cikinmu ya san kwantaccen ciki. Ana cewa ɗa yakan yi barci a cikin uwarsa shekara, har fiye, sai an ba ta magani ya farka a haife shi. Kowane gida akwai tsohuwar da za ta nuna maka wani ƙato ta ce wannan sai da ya kwanta. Ni ba na rigima da maganar, don na san ta rufa wa mata da yawa asiri a unguwar da maza ke tafiya fatauci su daɗe. Amma wannan karon ba asiri za ta rufa ba. Jira take nema, kuma jiran ne likita ya ce kada a yi.

Na ce, "Hajiya, babu kowa a cikin nan. Nama ne."

"Nama! Jikan nawa ne nama?"

"Ba ki da jika a nan. Ni ke da 'ya."

Ban iya zaɓen magana ba, ban taɓa iyawa ba. Hajiya ta miƙe ta ce ai yarinyar matar aure ce, ba a ƙarƙashina take ba, mai ita yana hanya, in ya dawo sai a ji ta bakinsa. Gaskiyarta ce kuwa, haka tsarin yake. Na juya wurin uwar yarana ko za ta ce wani abu, sai na ga tana share hawaye da haɓar zane.

"Malam, in kuma akwai fa?" ta ce a hankali.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da ya faru washegari. Muna kan hanyar komawa asibiti, an tsaya a jar wuta, sai na ji murya a bayan kunnena.

"Baba."

"Mene ne?"

"Ni fa ina jin kamar motsi."

Wuta ta ba da hannu, na baya suna ta hon. Na gangara gefen titi, ƙarƙashin wata bishiya inda wata mata ke soya ƙosai, na kashe moto. Muka tsaya, ita tana kallon ƙasa, ni ina kallon motoci. Ta ce tashin zuciyar ya dawo. Ta ce jikinta duk irin na mai ciki ne. Ta ce da safe takan ɗora hannu a mara ta yi shiru, kuma wani lokaci sai ta ji kamar an amsa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa gaya mini magana mai tsawon wannan ba.

Na ce, "Ni ban taɓa ciki ba, ban san motsi ba. Abin da na sani, dattijon nan tun ranar farko ya ce in lamba ta hau ga abin da take nufi. Bai jira ta hau ba sannan ya ƙirƙiro. Amma jikinki ne. Ba zan ɗaure ki in kai ki ba."

Ta koma ta hau bayan moto. Sannan ta ce, "Mu fara biyawa ta labo."

A labo ta samu ɗalibar nan. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin su, suna yi da Faransanci suna tsoma Mosanci irin na yaran yanzu. 'Yata ta tambaye ta ko jinin da take aunawa zai iya nuna akwai yaro. Ɗalibar ta ce a'a, nata awon ba ya ganin wannan, kuma ita ba likita ba ce. Amma abu ɗaya ta sani tabbas: abin da ke sa tsinke ya yi layi biyu, kuma yake sa lamba ta hau, ba yaro ke yin sa ba. Naman mabiyiya ke yin sa. Ko da yaro ko babu, muddin naman yana raye zai yi ta zuba shi cikin jini, kuma shi ne ke kawo tashin zuciya da sauran alamun. Yaro kuwa, in yana nan, ido ke ganinsa a ekografi, da bugun zuciyarsa.

Daga nan ta shiga wurin likita ita kaɗai. Da ta fito ta ce mini ta roƙe shi ya ba ta har mijinta ya iso, ya kusa, an yi waya yana kan iyaka. Tana son a sake ekografin yana tsaye, a juyo musu da allon su biyu. Likita ya yarda, ya ce amma kada ya wuce haka.

Ranar da ya dawo ko wanka bai yi ba ta sa shi gaba. Ni a waje na zauna, a kan benci. Sun daɗe. Da suka fito idonsa ja wur, ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar mutane.

Da yamma aka taru a tsakar gidana. Hajiya a kan kujera, ɗanta a tsugune gefen tabarma, kansa ƙasa, uwar yarana a bakin madafa tana yi kamar tana tsince shinkafa. Hajiya ta maimaita duk abin da ta faɗa, ta ƙara da cewa ta samo mai maganin tayar da ciki a unguwar Cissin, wata tsohuwa da ba ta taɓa kuskure ba. Ta juya wurin ɗanta.

"Kai ne mijinta. Yi magana."

Na san yaron ya ga abin da ya gani, amma uwarsa ce. Ina shirin in yi irin maganata da ke ɓata komai, sai labulen ɗaki ya ɗaga. A irin wannan zama mace ba ta fitowa, ana yanke mata ne a kai mata labari. Ta fito, ramammiya, gyale a ka. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta gaishe ni, sannan ta zauna a ƙasa.

"Hajiya, ki yi mini haƙuri zan yi magana. Duk gidan nan babu wanda ya kai ni son a ce akwai. Ni na yi aman, ni na ɗauki nauyin. Har suna na yi masa a zuciyata. Yau na duba da idona, shi ma ya duba. An bi ko'ina, lungu-lungu, na ce a sake aka sake. Babu kai, babu ƙafa, babu zuciya. Layi biyun nan naman ne ke yin su. Shi ke girma, Hajiya, ba ɗa ba. In na zauna jiransa, ba suna za ku taru yi a gidan nan ba."

Hajiya ta ce, "Ke yarinya, yaushe kika san..."

"Ban san komai ba, Hajiya. Wannan ɗaya dai na gani." Ta juya wajen mijinta, ba ta ɗaga ido ba. "Gobe nake son in fara allurar. Ina neman izininka a gaban iyayenmu."

Uwar yarana ta daina tsince shinkafar. Yaron ya share fuska da tafin hannu.

"Ki je," ya ce. "Ni zan kai ki."

Hajiya ta tashi, ta gyara gyale, ta fita ba sallama. Ni kuwa na zauna ina kallon tabarma, don in na ɗaga kai za a ga fuskata. Ban koya wa yarinyar nan komai ba a duniya, ko yadda ake riƙe cokali. Ban san inda ta samo wannan ba. Amma a gidana aka yi, a gabana, kuma da bakin 'yata.

Alluran ba su yi mata da daɗi ba. Bakinta ya yi gyambo, ko tuwo mai laushi ba ta iya haɗiya. Uwarta, wadda ba ta kallonta a gaban mutane, ita ke dama kunu marar tsami ta shiga ɗaki ta tura ƙofa, in ji ƙarar ludayi a kwano da 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Mijin ya bar tafiye-tafiye da dama ya koma ɗaukar kaya cikin gari, mai motar yana ta masifa. In ya samu hanya dole, ni ke kai ta. Ɗalibar ta gama ɗibar abin da take nema ta koma jami'a, ban sake ganinta ba, kuma har yau ban san me ta gano game da ma'aikatan nan na cikin jini ba. Ina fata ta samu abin da take nema, yarinyar kirki ce.

Lambar ta sauka kamar mai jin nauyin jiki, kaɗan-kaɗan, har ranar da likita ya ce ta kai ƙasa. Ya ƙara mata wasu alluran don tabbatarwa, ya ce ta ci gaba da zuwa awo jefi-jefi, ya ba ta ƙwayoyin hana ɗaukar ciki, ya ce sai an shekara.

Na ce ta zauna a gidanmu har shekarar ta cika, don na san abin da ke jiranta a Dapoya. Magana ta riga ta zaga cewa ta kashe ɗanta da allura, ubanta ya ɗaure mata gindi. Ta ce a'a.

"In na zauna a nan, Baba, sai su ce da gaske laifi na yi nake ɓuya."

Ta haɗa kayanta ta koma, gida ɗaya da Hajiya, tukunya ɗaya. Ƙwayoyin ma ba ta ɓoye su ba, a kan tebur take ajiye su inda duk mai shiga ɗakin zai gani. Hajiya har yau in mun haɗu a hanya sai ta ga wani abu a sama da ya fi ni muhimmanci. Ban rame ba.

Ba a daɗe da komawarta ba aka yi haihuwa a layinmu, gidan wani maƙwabci. Ranar suna da safe muna zaune a tabarmin maza a ƙofar gida, sai ga 'yata ta sauko daga bayan moton mijinta, cikin sabuwar atamfa, ta yi 'yar ƙiba. Matan da ke bakin ƙofa suka yi shiru lokaci guda, wata ta taɓa wata da gwiwar hannu. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowace da matsayinta, ta shige. Daga baya uwarta ta gaya mini cewa kai tsaye ɗakin mai jego ta nufa, ta ce a ba ta jaririn, ta rungume shi, ta ce hancin na ubansa ne, Allah ya sa kada ya gado rowarsa.

Ni abin da na ji daga inda nake shi ne dariyar da ta biyo baya, ta mata da yawa, da tata a sama da ta kowa. Liman ya ɗaga hannu yana addu'a, ni kuwa kunnena yana bayan katanga, har sai da na kusa da ni ya zungure ni sannan na shafa.